Darasi: Wane Baki Za A Ɗaura Wa Injin Sassabe?

 

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da ke cin kuɗin mutanenmu ba tare da sun lura ba. Da yawa daga cikinmu suna da fili a bakin iyaka ko kusa da kara, inda ake sauke shanu su huta kwana biyu ko mako guda kafin ranar kasuwa, ko kafin takardun duwan su kammala. Wani nasa yana Gaya ko Birnin Konni, wani Adumri ko Ngawi a Kamaru, wani kuma Paga ko bayan Kumasi a Gana. Damina ɗaya in ta wuce ba a taɓa filin ba, sai ka zo ka tarar ya koma surƙuƙi. To cikin surƙuƙin nan ne kaska ke jiran dabba, nan maciji ke kwana, nan ɓarawo ke laɓewa. A ƙasashen kudu kuwa, duhuwar bakin rafi ita ce gidan tsando mai kawo sammore. Idan iskar hunturu ta taso, busasshiyar ciyawar nan ita ce za ta kai wuta har cikin garke. Kowa ya sani, sa in ya rame ko kirci ya ɓata masa fata, ba ya yin kuɗinsa a kara.

A da adda da lauje da gatari muke sa wa. Yanzu 'yan ƙwadago sun yi wuyar samu, shi ya sa mutane suka koma ga injin sassabe, wanda ake ratayawa a kafaɗa, masu shago a ƙasashen Faransanci suna ce masa debrusayez. Amma sayen inji rabin magana ne. Abin da ke yin yankan shi ne bakin da aka ɗaura masa, kuma nan ne ake yawan yin asara: a sa bakin ciyawa a kan itace, ko a sa zarto a cikin duwatsu, kafin mako ya zagayo an kashe baki, an kashe giya, wani lokaci ma an ji wa yaro ciwo.

Fara da zaga filin

Kafin ka je shago, ka zaga filinka da ƙafa, ka ga abin da ya fito a ciki. Mun kasa shi kashi huɗu.

Na farko, ciyawa mai laushi, irin su ƙyasuwa da ƙarangiya da tafasa tun tana ƙarama.

Na biyu, ciyawa mai tauri ko mai kara, irin su gamba da tofa da garmani, da kuma baƙuwar ciyawar nan da ta cinye makiyaya a kudu, wadda mutanen Gana ke kira Acampong, mutanen Kamaru da Afirka ta Tsakiya kuma suke kira Bokasa.

Na uku, tohon itace da ƙaya waɗanda kaurinsu bai wuce babban yatsa ba, wato kamar santimita 2: sabara, geza, kalgo, ɗunɗu, sarƙaƙiya.

Na huɗu, itatuwan da suka kai kaurin ƙotar fartanya, santimita 4 zuwa 7. Abin da ya wuce haka ba aikin wannan inji ba ne, aikin gatari ne.

Ka kuma dubi ƙasar. Rairayi ne, ko fako, ko marmara mai duwatsu? Akwai tsohuwar waya ta shinge, ko guntayen igiya da turaku da aka bari bara? A tsince su tukuna, domin waya in ta naɗe baki tana iya karya ƙarfen da ke cikin sanda, ko ta fyaɗi ƙafar mai aiki.

Ƙarfin injin

Ba kowane inji ke ɗaukar kowane baki ba. Girman inji ana rubuta shi da cc a jikinsa. Wanda bai kai cc 30 ba, a bar shi ga ciyawa mai laushi. Daga cc 35 zuwa 45 shi ne matsakaici, shi ya fi dacewa da yawancin filayenmu. Wanda zai wuni yana sare itace da zarto kuwa, ya nemi cc 40 zuwa sama. Injunan Sin da suka cika kasuwanninmu galibi cc 43 ne ko 52. Akwai na kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna, akwai kuma mai injin Honda GX35, wanda ba a gauraya masa mai da fetur, bakin mansa daban yake kamar na babur.

Abu biyu ba a sassauci a kansu in za a ɗaura bakin ƙarfe. Sandar injin ta zama miƙaƙƙiya. Mai lanƙwasasshiyar sanda na igiya ne kawai. Sannan ya zama yana da mariƙi mai ƙaho biyu kamar na keke, da maratayi na kafaɗa biyu, don in baki ya yi tutsu mai aiki ya iya riƙe shi.

Bakuna iri biyar

1. Kan igiya. Wannan wani ƙoƙo ne da ake naɗa igiyar nailan a ciki, kaurinta milimita 2.4 zuwa 3. Aikinsa ciyawa mai laushi, da gefen shinge, gindin turke, bakin kwamin ban ruwa da wurin da duwatsu suka yi yawa, domin igiya in ta bugi dutse ita ce ke cinyewa, inji bai ji komai ba. Aibinsa biyu: ba ya iya kara mai tauri, kuma yana dagargaza ciyawa, ba a samun abin tarawa. A zafin ƙasarmu igiyar takan bushe ta riƙa tsinkewa. A jiƙa ta cikin ruwa kwana ɗaya kafin aiki, za ta fi daɗewa.

2. Wuƙar ciyawa. Faifan ƙarfe ne mai haƙori 2, 4 ko 8, faɗinsa milimita 230 zuwa 255. Wannan ita ce laujen zamani. Tana yanke gamba da ƙyasuwa ta kwantar da su jere a gefe guda, sai a bi a ɗaure. Duk wanda ke son ingirici don rani, ko gamba don zana, wannan zai saya. Ba a kai ta kan itace.

3. Wuƙa mai fiffike uku. Faɗinta milimita 250 zuwa 300, ƙarfenta ya fi na ciyawa kauri. In mutum baki ɗaya kaɗai zai iya saya, to wannan muke ba shi shawara. Tana cin tofa, garmani, Bokasa, sarƙaƙiya da tohon sabara har kaurin santimita 2. Inda abu ya sarƙe ya fi mutum tsawo, ba a fara shi daga gindi. Daga sama ake saukar da wuƙar a hankali, tana sara tana ragewa, har a kai ƙasa. Idan gefe ɗaya ya dakushe ana juya ta, kuma magagari na kowa da kowa yana wasa ta.

4. Wuƙar niƙa. Ita fukafukanta a lanƙwashe suke zuwa ƙasa. Tana daddatsa ƙaya da ganye ƙanana ƙanana, su zube su zama taki, ba sai an kwashe ko an ƙona ba. Tana son inji mai ƙarfi da garkuwa irin tata, kuma ta fi kowace jifa da tsakuwa da guntayen itace.

5. Zarto. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na ƙarfe zalla mai manyan haƙora, faɗin milimita 200 zuwa 225, wanda ake wasawa da magagari mai zagaye na milimita 5.5. A matsakaicin inji yana sare itace har santimita 4, a babban inji har santimita 7. Akwai kuma mai haƙori 40 ko 80, wanda aka liƙa wa bakin kowane haƙori ɗan ƙarfe mai tauri. Shi ne aka fi haɗawa da injunan Sin a cikin kwali. Yana da kaifi ƙwarai a filin rairayi, amma a marmara haƙoran na ɓallewa su yi tsalle, kuma magagari ba ya cin su. Zarto kowane iri ne ba a sa shi ya taɓa ƙasa.

Bakin da ba mu yarda da shi ba

Akwai wani kai da ake sayarwa mai guntayen sarƙa, wani ma sarƙar zarton inji ce aka yanka aka ɗaura. Mai shago zai ce maka ba abin da ke gagararsa. Kada ka saya, ko kyauta aka ba ka. A shekarar 2010 a Ingila, ƙwayar sarƙa ta ɓalle daga irin wannan kai ta bugi wani ma'aikaci da ke tsaye kusa, ya rasu. A watan Janairu na 2012 Tarayyar Turai ta hana sayar da shi a ƙasashenta. Amma har yanzu ana ƙera shi, yana kuma shigowa kasuwanninmu.

Haka nan wuƙar da maƙeri ya yanko daga tsohon faifan garma ko sifirin mota. Ba raina sana'ar maƙeranmu muke yi ba. Baki yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, in gefe ɗaya ya ɗara ɗaya nauyi ko kaɗan, girgiza za ta cinye giya, ta kashe wa mai aiki hannu. Wuƙar da ta tsage ma ba a kai ta walda, wadda ta lanƙwashe ba a miƙe ta da guduma. A jefar, a sayi wata. Araha ba ta ado.

Kafin ka biya kuɗi

Ka je shago da injin, ko aƙalla da tsohon bakin da wanshinansa. Ga abin da za ka duba:

Ramin tsakiya. Iri biyu ne, milimita 20 da milimita 25.4. In rami ya fi kujerarsa faɗi, baki ba zai zauna a tsakiya ba, kuma ba a cike giɓin da leda ko waya.

Lambar gudu. Bakin kirki an buga masa iyakar juyin da zai iya ɗauka a minti. Lambar nan ta zama ta kai ta injinka ko ta fi. Wanda ba a rubuta masa komai ba, ka bar wa mai shago kayansa.

Ƙara. Ka rataya wuƙar a ƙusa ko a yatsa ka ƙwanƙwasa ta da sifana. Lafiyayya za ta yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ka ji ƙwas, ta yi shiru. Wannan gwaji a riƙa yin sa kowace safiya kafin aiki.

Noti. Notin da ke riƙe baki haƙorinsa na hagu ne, wato yadda ka saba kwance noti, shi haka ake ɗaure shi. Yara da yawa sun lalata haƙorin giya saboda rashin sanin wannan. Ka sayi noti na ajiya.

Garkuwa. Kowane baki da tasa. Ta igiya daban, ta wuƙa daban, zarto kuma yana da ɗan ƙarfen tokare da ake jingina wa itace.

Kayan gyara. Ga mu masu tsallaka iyaka wannan babba ne. Inji mai suna da ba a samun giyarsa sai an aika Kwatano ko Duwala, gara matsakaici wanda bujinsa da kafiretonsa ke kowace kasuwa. In za ka sayi kan giya na canji, ka ƙirga haƙoran ƙarfen cikin sanda, akwai mai 7 akwai mai 9, ka kuma auna sandar, milimita 26 ce ko 28.

In filin ya fi ƙarfin injin kafaɗa

A yi lissafi tukuna. Fili mai mita 200 kowace kusurwa eka 4 ke nan irin ta Faransanci, wato hekta. In hanyar tare gobara kawai za a yanka a kewaye shi, mai faɗin mita 15, aikin ya kusa hekta ɗaya da sulusi. Wannan injin kafaɗa zai iya. Amma in hekta 20 ko 30 ce za a share gaba ɗaya, a nemi hayar tarakta mai jan injin yanka a baya. Mai manyan wuƙaƙe biyu ko uku a kwance shi ya fi yawa. Sandar bayan tarakta ce ke juya shi, galibi juyi 540 a minti, yana kuma cin toho har santimita 2 zuwa 5 gwargwadon ƙarfinsa. Kafin ya shiga, a bi a kafa alama a kan kututture, suri da ramuka. Akwai wani ƙusa da aka yi shi musamman don ya karye in wuƙa ta bugi dutse. In ya karye a sa irinsa, kada direba ya sa mai tauri, in ba haka ba giya ce za ta karye a madadinsa. Shanu da yara a kore su nesa, domin yana jifa da dutse fiye da yadda ake zato. Filin da ya kai haka, 'yan reshe guda su haɗa kuɗin hayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanka ba kisa ba ne

Wannan a riƙe shi da kyau, don kada a zargi inji a banza. Baki yana yanke abin da ke sama ne, saiwa tana nan. Tofa daga saiwa take tohowa. Ɗunɗu in ka sare shi ka tafi, 'ya'ya yake fitarwa daga saiwoyi, baɗi ka tarar ya fi bana yawa. Maganinsa a maimaita yanka sau biyu ko uku a damina, a saki awaki su bi toho, manyan kututture kuma a tone su da diga.

Lokaci ma yana da nasa. Garmani, wanda ya mamaye burtali da makiyaya da yawa a jihohin Maradi da Doso da Tawa, a yanke shi ko a tuge shi kafin ya zuba iri, sannan a watsa irin ciyawar da dabba ke ci a wurin, in ba haka ba shi zai dawo. Karansa yana da zare, yakan naɗe kan giya, sai a riƙa kashe inji ana warwarewa. Bokasa tana fure da shigowar rani, iska ce ke ɗaukar irinta, don haka a gama da ita kafin nan. Hanyar tare gobara kuwa da ɗaukewar ruwa ake yin ta, Oktoba zuwa Nuwamba, a kuma kwashe abin da aka yanka daga kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen sare toho, a yanke shi a kwance, dab da ƙasa. Kututturen da aka yanka a karkace tsinin mashi ne: yana huda kofato, yana fasa tayar babbar mota ranar lodi. Sa mai ɗingishi kuwa kun san yadda mai saye ke kallonsa.

Kada a share fili ƙwal

Zango yana son inuwa. Gawo, kalgo da ɗunɗu duk suna zubar da 'ya'yan da shanu ke ci da rani. Manoman Maradi tun wajen 1984 suka nuna wa duniya abin da ake kira sassaben zamani: a kowane kututture a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Mu ma mu yi haka. Kafin a tada inji, maigida ya zaga ya ɗaura ƙyalle a kan duk abin da ba ya so a taɓa, domin yaro in inji ya yi masa daɗi ba ya tambaya.

Ga kuma hukuma. A Nijar dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ita ke tsara sassabe da saran itace, gawo kuma yana cikin itatuwan da aka kare. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar burtali da makiyaya na jama'a ne. Share su ba ya mai da su naka. A Gana akwai dokar hana gobarar daji tun 1990. Duk ƙasar da kake, ka fara gaida mai gari da ma'aikatan gandun daji kafin ka taɓa itace. Baƙo ya fi kowa saurin shiga tara.

Lafiyar mai aiki

Yawancinmu ba mu ne za mu rataya injin ba, yaranmu ne. Amanarsu tana wuyanmu. A saya musu tabarau ko garkuwar fuska, abin toshe kunne, safar hannu, dogon wando mai kauri da takalmi mai rufi. Silifa da babbar riga ba su shiga wannan aiki. Ruwan tumfafiya in ya fantsama a ido yana iya taɓa gani, balle tsakuwa.

Kowa ya ja baya mita 15 daga mai yanka, mutum ne ko dabba. In mutum biyu ke aiki, tazarar nan a tsakaninsu take.

A injin mai miƙaƙƙiyar sanda baki yana juyawa ne saɓanin hannun agogo, shi ya sa ake yanka daga dama zuwa hagu. Ku ɗauki faifan kamar fuskar agogo, ƙarfe 12 yana gaba. Tsakanin 12 da 3, wato goshinsa na dama, nan ne wurin tutsu: in wurin ya taɓa itace ko dutse, inji zai fizge gefe da ƙarfi. Da gefen hagu ake shiga itace, kuma da cikakken gudu.

Ƙarfe in ya bugi dutse yana ba da tartsatsi. A busasshiyar ciyawa a yi aiki da sassafe kafin iska ta tashi, a ajiye jarkar ruwa da ɗanyen reshe kusa. Ba a zuba mai inji yana da zafi, ba a taɓa baki sai an kashe inji ya tsaya cik.

Batun mai, a bi abin da takardar injin ta ce. In ta ce 50 da 1, to man 2T mililita 20 ke nan a litar fetur ɗaya, wanda wasunmu ke kira esansi. Lita 5 kuma mililita 100. In ta ce 25 da 1, mililita 40 a lita, 200 a lita 5. Baƙin man mota ba ya maye gurbin 2T. Fetur na kwalba da ake saya bakin hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Da hunturu a wanke matatar iska kullum, kan giya kuma kada a bar shi ba giris.

A taƙaice, wanda filinsa ciyawa ce da gefen shinge, kan igiya da wuƙa mai haƙori 4 ko 8 sun ishe shi. Wanda nasa ya haɗa da ƙaya da toho, ya sayi mai fiffike uku, ya ƙara da kan igiya. Zarto sai ga mai babban inji da yaron da ya ƙware.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan darasi a taron ranar kasuwa saboda 'yan'uwan da ba su karatun boko, a kuma kira yaran da ke riƙe injin su zauna su ji da kunnensu. Wanda ya gwada wani baki a irin ƙasarsu, ya aiko mana da abin da ya gani ta hannun sakataren reshensu, mu buga don kowa ya amfana.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu daga gobara da ɓarayi, ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya, amin.